Hidima a Ikkilisiya: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Son Farawa da Wanda Ya Gaji

Waɗannan tambayoyi daga bakin masu bi suke fitowa. Wasu na waɗanda suke tunanin sa hannu a aikin ikkilisiya ne, wasu kuma na waɗanda suka daɗe a ciki har ƙafa ta fara yi musu nauyi. Ɗarikoki sun bambanta a tsari da sunayen muƙamai, don haka inda aka rabu zan faɗa a fili. Na jingina amsoshin da Littafi Mai Tsarki da kuma abin da tarihin ikkilisiya ya adana.

Wane aiki ne ake kira hidima?

Duk aikin da mai bi ya yi saboda Almasihu, wanda yake gina 'yan'uwa ko yake sauke wa wani nauyi. Wa'azi yana ciki. Haka ma koyar da yara a makarantar Lahadi, da waƙa, da ziyarar marasa lafiya, da riƙe littafin kuɗi, da sharar majami'a, da tsayawa a bakin ƙofa don tarbar baƙo da fara'a.

A duba Ayyukan Manzanni sura 6. Jama'a ta ƙaru a Urushalima, sai gunaguni ya tashi. Yahudawa masu jin Helenanci suka ce ana tsallake matansu waɗanda mazansu suka rasu wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ɗauki maganar da wasa ba. Suka tara almajirai, suka ce a zaɓo mutum 7 masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Ku lura da girman sharaɗin, alhali aikin rabon abinci ne. Sunayen mutanen duka na Helenanci ne, shi ya sa masana da yawa suke ganin daga ɓangaren masu ƙorafin aka ɗauko su. A cikinsu akwai Istifanas, wanda ya fara ba da ransa saboda sunan Yesu, da Filibus da ya kai bishara Samariya. Da aka gyara rabon, aya 7 ta ce maganar Allah ta yi ta yaɗuwa, har firistoci masu yawa suka ba da gaskiya.

To, ba aikin fasto ba ne? Ai shi aka naɗa.

An naɗa shi, gaskiya ne, kuma nauyin da yake ɗauke da shi ba ƙarami ba ne. Amma Afisawa 4:11-12 ta faɗi dalilin da ya sa Almasihu ya ba ikkilisiya manzanni da annabawa da masu bishara da makiyaya da masu koyarwa: domin su shirya tsarkaka, su tsarkakan kuma su yi aikin hidima. Idan fasto shi kaɗai ne yake wa'azi da ziyara da sulhu da lissafi, saura kuma suna zaune suna ba shi maki, an kifar da wannan aya ke nan.

Manzo Bitrus ya kira masu bi gaba ɗaya ƙungiyar firistoci ta Sarki (1 Bitrus 2:9). A kan wannan Martin Luther ya tsaya a rubuce-rubucensa na 1520, yana cewa duk wanda aka yi wa baftisma yana da rabo a aikin firist. Ikkilisiyar Katolika ma, a Majalisar Batikan ta Biyu a 1964, ta jaddada cewa dukan masu bi suna da rabo a firistancin Almasihu, ko da yake ta bambanta shi da na waɗanda aka naɗa.

Tun dā aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Wajen shekara ta 251, Bishop Karniliyas na Roma ya rubuta cewa ikkilisiyarsu tana da dattawa 46, da dikinoni 7, da mataimakan dikinoni 7, da wasu ma'aikata sama da 90 har da masu karatu da masu tsaron ƙofa, suna kula da gwauraye da mabukata fiye da 1,500. Wanda sunansa ya fi shahara a tarihin makarantar Lahadi kuwa, Robert Raikes, mai buga jarida ne. A 1780 ya buɗe tasa a garin Gloucester na Ingila, domin yaran talakawa da suke aikin ƙarfi kwana 6 a mako.

Tun da ceto kyauta ne, me zai sa in wahalar da kaina?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, kuma wanda ya kuskure amsarta zai sha wahala a sauran duka.

Afisawa 2:8-10 ta jera abubuwa bi da bi. Na farko, ta wurin alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba, don kada kowa ya yi fariya. Sa'an nan ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka da Allah ya riga ya shirya. Karɓa ce ta zo gaba, aiki ya biyo baya. Mai hidima ba ya sayen wuri a gidan Uba, domin an riga an ba shi.

Mutane da yawa suna aiki a ikkilisiya da zuciyar babban wa na misalin ɓataccen ɗa a Luka 15. Ya ce wa mahaifinsa shekara da shekaru yana yi masa bauta, bai taɓa ƙin umarninsa ba, amma ko ɗan akuya ba a taɓa ba shi ba. Yana cikin gida, amma lissafin ɗan ƙodago yake yi. Mai irin wannan zuciya yakan yi aiki tuƙuru, sai dai yana ajiye ƙididdiga a ransa. Ranar da ciwo ya shigo gidansa ko aka ɗaukaka wani a kansa, sai ka ji ya ce, "Duk abin da na yi wa Allah, wannan ne sakamakona?" Ina jin tausayin mai faɗin haka ƙwarai, domin ciwon da yake ji na gaske ne. Amma tushen da ya gina a kai ne ya tsage.

Ku dubi Yesu a daren da aka bashe shi (Yahaya 13). Kafin marubucin ya ce ya tashi daga wurin cin abinci, sai da ya gaya mana abin da Yesu ya sani: Uba ya sa kome a hannunsa, daga wurin Allah ya fito, wurin Allah kuma zai koma. Da wannan sani ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya durƙusa. Ƙafafun mutum 12 da suka sha ƙurar hanya ya bi ɗaya bayan ɗaya, yana wankewa yana shafewa da tawul ɗin da ke ƙugunsa. Yahuza Iskariyoti yana cikinsu, Yesu kuwa ya san abin da ya ƙulla. Bai rage masa kome ba don ya durƙusa, domin ya san ko shi wane ne. Wanda bai tabbata Allah ya karɓe shi ba, durƙusawa takan yi masa wuya, domin kullum yana tsaron mutuncinsa.

Bayan tashinsa daga matattu, da ya zo danƙa wa Bitrus kiwon tumaki, tambaya ɗaya ya yi masa har sau 3: kana ƙaunata? Bai tambaye shi ƙwarewa ba, bai kuma nemi alkawarin cewa ba zai sāke faɗuwa ba. Bulus ma ya ce ƙaunar Almasihu ce take iza su (2 Korantiyawa 5:14). Wanda aka yafe wa da yawa yakan yi ƙauna da yawa, ƙauna kuwa ba ta iya naɗe hannu tana kallon ɗan'uwa cikin bukata.

Yaya zan gane an kira ni?

Ga hidimar yau da kullum, kada ka jira mafarki ko murya. An riga an kira ka tun ranar da ka ba da gaskiya, kuma 1 Bitrus 4:10 ta ce kowa ya yi wa ɗan'uwansa hidima da baiwar da ya samu.

Ga aikin fasto ko na mai bishara, maganar ta fi nauyi. Sha'awar da ke cikin zuciya tana da muhimmanci, domin 1 Timoti 3:1 ta ce mai burin aikin kula da ikkilisiya yana burin aiki mai kyau. Sai dai a Sabon Alkawari ba a bar mutum ya shaidi kansa shi kaɗai ba. Ikkilisiyar Antakiya ce ta yi azumi da addu'a, ta ɗora wa Barnaba da Shawulu (wato Bulus) hannu, ta sallame su. Timoti kuma, 'yan'uwa na Listira da na Ikoniya ne suka yaba da halinsa kafin Bulus ya tafi da shi. Wani lokaci ma jama'a ce take riga mutum gani. A 391 Agustin ya shiga majami'a a garin Hippo, a Aljeriya ta yau, jama'a suka riƙe shi suka kai shi gaban Bishop Baleriyas don a naɗa shi, shi kuwa yana kuka. Abin da ya fara roƙo bayan naɗin shi ne a ba shi lokaci ya zurfafa a nazarin Littafi Mai Tsarki. A garin ya yi hidima har rasuwarsa a 430.

A karanta 1 Timoti 3 da Titus 1. Kusan dukan sharuɗɗan na hali ne: kamun kai, karɓar baƙi, rashin son kuɗi, rashin faɗa, iya riƙe gida, kyakkyawar shaida ko a wurin waɗanda ba masu bi ba. Gwaninta guda da aka nema ita ce iya koyarwa. An kuma ce kada ya zama sabon tuba, dikinoni ma a gwada su tukuna. Saboda haka idan mutum ya ce Allah ya kira shi, amma ba ya son a gwada shi, ba ya son zama ƙarƙashin kowa, ni kam ina ja da baya.

Ba ni da baki, ba ni da murya. Me zan iya?

Musa ma ya ce harshensa da nauyi. Bulus kansa, masu sukarsa a Koranti sun ce wasiƙunsa da ƙarfi, amma in ya tsaya a gaban mutane maganarsa ba a bakin kome take ba (2 Korantiyawa 10:10).

Ko ba haka ba, baye-bayen da aka lissafta a Romawa 12:6-8 sun haɗa da ƙarfafa zuciya, da bayarwa hannu sake, da shugabanci, da jinƙai. A Fitowa 31 Allah ya cika Bezalel da Ruhunsa domin aikin zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙa. Wasiƙar Romawa da ake ta wa'azi a kanta, Tartiyas ne ya riƙe alkalami Bulus yana faɗa, har ya sa gaisuwarsa a 16:22. Tabita ta garin Yafa kuwa allura da zare ne kayan aikinta. Da ta rasu, gwauraye suka kewaye Bitrus a ɗakin sama suna kuka, kowace tana nuna masa rigar da Tabita ta ɗinka tun tana tare da su.

Baiwa ba a cika gano ta a zaune ba. Ka gwada aiki, ka ga inda mutane suke amfana, ka kuma saurari abin da 'yan'uwa masu faɗa maka gaskiya suke cewa.

Na lura ina jin daɗin yabo. In dakata har zuciyata ta tsarkaka?

A'a, 'yar'uwa. In sai niyya ta tsarkaka sarai za a yi aiki, ba wanda zai ɗaga tsinke. Ganin da kika yi ma alama ce mai kyau, domin wanda son yabo ya gama cinyewa ba ya yin wannan tambaya.

Amma kada ki raina abin. Yesu ya ce masu yin sadaka don a gan su sun riga sun karɓi ladansu (Matiyu 6:2). Wasiƙar Yahaya ta Uku ta ambaci Diyotarifis, mai son zama na gaba, wanda ya kai ga korar mutane daga ikkilisiya. Son girma in aka bar shi, can yake kaiwa.

Ga ma'aunin da ba ya ƙarya: yaya kike ji idan aka ba wata aikinki, ta kuma fi ki iyawa? Da aka gaya wa Yahaya Maibaftisma cewa jama'a duk sun koma wurin Yesu, cewa ya yi farin cikinsa ya cika. Shawarata ita ce ki riƙe wani aiki guda wanda ba mai sani sai ke da Allah, ko ziyara ce, ko taimakon wani a ɓoye, ko addu'a domin wani da suna. Jin daɗi don an ce miki sannu da aiki ba zunubi ba ne. Ki karɓa, ki gode, ki wuce.

Daidai ne a biya mai hidima albashi?

Daidai ne. Bulus ya kafa hujja da dokar Musa da ta hana sa wa bijimi takunkumi sa'ad da yake sussuka, ya ce Ubangiji ya umarta masu shelar bishara su ci abinci ta wurin bishara (1 Korantiyawa 9:9-14). Ikkilisiyar da take barin fastonta da iyalinsa cikin yunwa da sunan koya masa bangaskiya tana yin laifi.

Shi Bulus ɗin kuma ya bar wannan hakki a Koranti. Ya zauna da Akila da Biriskila suna ɗinkin tanti, ya yi shekara 1 da wata 6 a birnin yana koyarwa. Ga dattawan Afisa ya ce hannuwansa ne suka biya bukatunsa da na abokan tafiyarsa. Amma ya karɓi gudummawar Filibiyawa fiye da sau ɗaya. Karɓa halal ce, bari ma halal ne. Abin da aka haramta shi ne mai da baiwar Allah haja. Gehazi, baran annabi Elisha, ya bi Na'aman a guje don azurfa da riguna, ya koma da kuturta. Siman na Samariya ya miƙa kuɗi don ya sayi ikon ba da Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya ce masa ya hallaka tare da kuɗinsa. Duk wanda ya yanka wa addu'a ko warkarwa farashi, sahun waɗannan ya bi.

Bari in ƙara da abin da ba a tambaya ba. Da Bulus yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Ikkilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka su, domin yana so a yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji da kuma gaban mutane (2 Korantiyawa 8:18-21). In manzo ya yi haka, to kada a bar mutum ɗaya ya ƙirga baiko. Mutum biyu ko uku su zauna, su ƙirga, su rubuta adadin nan take, kowa ya sa hannu, a kuma karanta wa jama'a rahoto a kan kari. Wannan kāriya ce ga ma'aji mai gaskiya, ba zargi ba.

Mata fa?

Tun daga farko suna ciki. Luka 8:1-3 ta ambaci Maryamu Magadaliya, da Yuwana matar Kuza wakilin Hirudus, da Suzana, da wasu da yawa da suke ɗaukar nauyin Yesu da almajiransa daga dukiyarsu. Mata ne suka fara kai labarin tashinsa. Biriskila da mijinta suka ja Afolos gefe suka ƙara fayyace masa hanyar Allah. Filibus yana da 'ya'ya mata 4 masu annabci. A Romawa 16 Bulus ya fara da yabon Fibi, mai hidima a ikkilisiyar Kankiriya, ya kuma ambaci mata da dama da suka sha wahala cikin aikin Ubangiji. Ko gwamnan Romawa Pliny, a wasiƙarsa ga Sarki Tarajan wajen shekara ta 112, ya ce ya sa an azabtar da bayi mata 2 da Kirista suke kira masu hidima.

Inda aka rabu shi ne naɗi. Katolika da Otodoks ba sa naɗa mata firistoci. A cikin Furotesta, wasu suna naɗa mata fastoci har da bishop, wasu kuma sun keɓe wa maza wannan, suna dogara ga 1 Timoti 2:11-12. Masu tsoron Allah suna nan a kowane ɓangare. Abin da ba na yarda da shi, ko a wane ɓangare, shi ne a bar wa mata mafi yawan wahalar aiki, sa'an nan a ƙi jin shawararsu.

Na gaji. Ko bangaskiyata ce ta yi sanyi?

Ba lalle ba ne. Iliya ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, bai jima ba sai ga shi a jeji ƙarƙashin wani itace yana roƙon mutuwa (1 Sarakuna 19). Allah bai fara da tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya sāke kwanciya, aka sāke tashe shi ya ci, domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai a Horeb aka yi magana. A can aka gyara masa lissafi, shi da yake cewa shi kaɗai ya rage: akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Aka kuma ba shi Elisha.

Yetro ya ga surukinsa Musa yana shari'a tun safe har yamma, ya ce masa abin da yake yi ba shi da kyau, zai gajiyar da kansa da jama'ar duka. Ya ba shi shawara ya naɗa shugabanni na dubu-dubu, da ɗari-ɗari, da hamsin-hamsin, da goma-goma (Fitowa 18). Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yesu ma, da ya ga almajiransa ba su da sukunin cin abinci saboda masu kai da kawowa, ya ce su zo wurin da ba kowa su ɗan huta (Markus 6:31).

Saboda haka, ɗan'uwa, ka fara da abubuwan nan na fili. Kana barci? Kana da ranar hutu? Ayyuka nawa ka riƙe, guda nawa ne kuma ka karɓa don kunyar cewa a'a? Yaushe rabonka da ka zauna a sujada a ciyar da kai, ba tare da kana lura da makirufo ko ƙofa ba? Ka je wurin dattawa ka faɗa musu gaskiya, ka ajiye wani abu, ka koya wa wani. In kuwa baƙin ciki ya daɗe, barci da cin abinci sun rikice, ko tunanin mutuwa yana zuwa maka, ka ga likita ba tare da ɓata lokaci ba, a ci gaba da addu'a tare da magani.

Su ma shugabanni su ji: al'adar ɗora wa mai "to" kaya har ya durƙushe ba ta dace da makiyayi ba.

Hidima da iyali, wanne ne gaba?

Iyalinka suna cikin hidimarka. Bulus ya tambaya, wanda bai iya riƙe gidansa ba, yaya zai kula da ikkilisiyar Allah? Yesu ya tsauta wa masu cewa dukiyarsu keɓaɓɓiya ce ga Allah don su kauce wa taimakon iyayensu (Markus 7:9-13). Akwai lokutan da aiki zai ci dare, iyali kuma su yi haƙuri. Amma idan 'ya'yanka sun fi ganinka a kan mimbari fiye da a gida, lokacin gyara ya yi.

Shekaru ina yi, ban ga amfani ba.

Irmiya ya ce shekara 23 yana magana ba a saurare shi ba (Irmiya 25:3). Mai bishara William Carey ya isa Indiya a 1793, sai a ƙarshen 1800 aka yi wa Krishna Pal baftisma, Bahinde na farko da ya tuba ta wurin aikinsu. Adoniram Judson, shi ma mai bishara, ya sauka a ƙasar Burma (Myanmar ta yau) a 1813, ya jira har 1819 kafin mutum na farko ya tuba. Bulus ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa girma, abin da ake nema ga mai riƙon amana kuwa shi ne aminci.

Wannan ba hujjar rufe kunne ba ce. In yara suna barci a ajinka kowane mako, ka nemi wanda ya fi ka ya zauna ya saurara, ya gaya maka inda za ka gyara.

Wanda ya taɓa gudu ko ya faɗi, zai iya dawowa?

Yahaya Markus ya bar Bulus da Barnaba a Bamfiliya ya koma gida. A kansa manyan nan biyu suka yi saɓani mai zafi har suka rabu. Barnaba ya riƙe shi. Shekaru bayan haka, Bulus yana kurkuku ya rubuta wa Timoti ya zo da Markus, domin yana da amfani a gare shi wajen hidima (2 Timoti 4:11). Ƙofa a buɗe take.

Sai dai gafara daban, mayar da amana daban. Wanda ya ci kuɗin ikkilisiya ya tuba, a karɓe shi da hannu biyu, ya biya abin da ya ci, amma kada a yi saurin mayar masa da mabuɗi. Wanda ya ci zarafin yaro ko mace kuwa, a kai maganar ga hukuma, kada kuma a sāke sa shi a kan yara. Rufa irin wannan asiri da sunan kare martabar ikkilisiya cin amanar raunana ne, su kuwa aka fi ba mu amanarsu.

Idan shugaba yana danne mu da sunan biyayya fa?

Ibraniyawa 13:17 ta ce a yi wa shugabanni biyayya, domin za su ba da lissafi a kan rayukanmu. Bitrus kuma ya gargaɗi dattawa kada su nuna wa garke sarauta, sai dai su zama abin koyi (1 Bitrus 5:2-3). Yesu ya ce sarakunan al'ummai suna nuna wa mutanensu iko, amma ba haka zai zama a tsakanin almajiransa ba.

Akan jawo Zabura 105:15, mai hana taɓa shafaffu, don a rufe bakin mai tambaya. A wurin, Allah yana tsawata wa sarakunan ƙasashe ne a kan cutar da su Ibrahim da Ishaku da Yakubu. Ba ta hana Natan fuskantar Dawuda ba, ba ta kuma hana Bulus tsayayya da Bitrus ido da ido a Antakiya ba. Ka bi hanyar Matiyu 18: ka same shi ku biyu cikin ladabi, in bai ji ba ka zo da shaidu, sa'an nan a kai gaban ikkilisiya. Ka guji tsegumi. In an umarce ka da yin ƙarya ko ɓoye mugunta, biyayya ga Allah ce gaba.

Hidimarmu ta tsaya a kan 'yan'uwa masu bi ne kawai?

Galatiyawa 6:10 ta ce mu yi wa kowa alheri, tun ba ma iyalin bangaskiya ba. Kutare 10 Yesu ya warkar, ɗaya ne ya dawo godiya, bai kuwa janye wa sauran lafiyarsu ba. A annobar da ta auka wa daular Roma wajen shekara ta 250, Bishop Kiriyanus na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya gargaɗi masu bi su kula har da waɗanda suke tsananta musu. A 362 Sarki Yuliyan na Roma, wanda ya bar bangaskiyar Kirista, ya koka a wata wasiƙa cewa Kirista suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka. A ba da taimako ba tare da sharaɗin tuba ba. In an tambaye mu dalili, mu faɗa da tawali'u.

Daga ina zan fara?

Ka sami fasto ko ɗaya daga cikin dattawa ka tambaye shi wane aiki ne ya rasa hannu. Sau da yawa amsar ba za ta zama abin da ka yi tsammani ba: ajin ƙananan yara, ko ziyarar tsofaffin da ba sa iya fitowa, ko gyaran wuri bayan an tashi. Ka ɗauki guda ɗaya. Ku yanke wa'adi, wata 3 ko 6, sa'an nan ku zauna ku duba ko ya dace da kai. Ka roƙi a haɗa ka da wanda ya daɗe a aikin. Ka riƙa zuwa a kan lokaci, ranar da ba za ka samu zuwa ba kuma ka sanar tun da wuri don a nemi madadinka.